Kujera ta Biyu a Motar Raelene

Ni na haɗa na'urar wasan tseren motar nan da hannuna, kuma ina so a fara sanin haka kafin a ji komai game da Athol Treloar. Kujerar daga jikin wata matacciyar mota na ciro ta. Katakon da na ɗora allo a kai ragowar wanda muka yi wa coci benci da shi ne. Sitiyari da abin takawa kuwa 'yata Raelene ce ta aiko mini daga birnin Perth, ta ce tunda na ajiye tirela in daina zama ina kallon bango. Na kafa komai a kusurwar Rumfar Dattawa ta garinmu Burrangil, tsakanin injin yankan katako da tukunyar shayi, domin intanet ɗin gidana sai ya ga dama yake zuwa.

Raelene bakanikiya ce a wata mahaƙar ƙarfe can yamma. Ni da ita ba mu iya hira ba. Tun bayan rasuwar mahaifiyarta, in ta kira waya sai mu tambayi juna ko an yi ruwa, mu ajiye. Wasan tseren motar nan ne ya buɗe mana baki. Kowace Lahadi da rana nakan ɗora abin ji a kunne, tana can ina nan, mu yi ta zagaya hanyar tseren da ake kira Dutsen, tana yi mini tsiya ina ramawa. A tsakanin kwana da kwana na ji labarin ciwon bayanta, da na shugabanta mai baƙin hali, da na saurayin da ta sallama. Duk abin da na sani game da rayuwar 'yata, a kan kujerar nan na ji shi.

A watan Oktoba, bayan an gama tseren gaske wanda duk ƙasar ke kallo a talabijin, ƙungiyar su Raelene ta intanet takan shirya nata dogon tseren. Mota ɗaya, direba biyu, wannan ya gaji wancan ya karɓa. Kujera ta farko tata ce. Ta biyu kuwa ko tambaya ban yi ba, don na san tawa ce.

Athol tare muka yi firamare. Tun a lokacin shi ne yaron da ke gama cin abincinsa bayan kowa ya tafi wasa. Da muka girma ni na hau tirelar shanu, shi ya karɓi kwangilar kai wasiƙu gonakin da ke bayan gari, kuma bai sake wani aiki ba har ya tsufa. Duk wanda ya taɓa bin bayan farar motarsa a hanyar rafi ya san haƙuri. Tafiya yake kamar yana ɗauke da ƙwai, yana ɗaga wa kowace mota yatsa ɗaya daga kan sitiyari, har motar da ba kowa a ciki. Matarsa Beryl takan ce da a ce shi ne zai kai ta asibiti ranar haihuwa, da yaron ya fito da gemu a hanya. Beryl ta rasu, yaron yana can birnin Darwin, sannan wata rana Athol ya yanke jiki ya faɗi a kantin kayan gona. Likita ya duba zuciyarsa ya ce ya ajiye lasisi. Ya miƙa makullin motarsa ba gardama, ya koma zuwa rumfa da ƙafa, yana goge motocin katako na yara da takardar yashi.

Ni na gayyace shi ya gwada, don dai a samu abin dariya.

"Taso, tsoho," na ce masa. "Nan ba likitan da zai hana ka."

"Clarrie, ni da ko giya ta huɗu ban cika sa wa mota ba?"

"Ai shi ya sa. Zo ka ga yadda take kafin ka mutu."

Wasan nan ba irin na yara ba ne da ake dukan bango a wuce. Taya in ba ta yi zafi ba santsi take yi. Ka danna birki da ƙarfi, tayoyin su kulle. Ka taka totur da wuri a kwana, bayan motar ya zagayo ya gaishe ka. Athol bai kai ko kwanar farko ba ya juya ya daki bango da baya. Duk rumfar ta ɗauki dariya. Na juya in ga kunya a fuskarsa, sai na tarar ya fi kowa dariya, har yana share hawaye da bayan hannu.

"Kai!" ya ce. "Ashe tana da rai. A sake."

Daga ranar ya zama shi ne mai buɗe rumfa. Abin da yake yi kuma ba za a kira shi tsere ba. Yakan bi hanyar a hankali, kamar yadda yake bin hanyar wasiƙunsa, yana kallon kowane tudu da kowane gangare. Ya ƙi koyon sunayen kwanonin na gaskiya, ya sa musu nasa, na gonakin da ya saba tsayawa. Akwai Ƙofar Hazel, wadda sai ka rage gudu tun daga nesa saboda karen Hazel ɗin, mai gonar. Akwai Gadar Makaho. Kwana ɗaya yakan ɗauka ya yi ta maimaitawa sati guda, bai damu da sauran ba. In ya faɗi sai ya ce, "To, Hazel, na ji," ya koma baya ya sake.

Na fi shi gudu nesa ba kusa ba, kuma na tabbatar kowa ya sani. Amma ga abin da ya fara tsaya mini a rai. Ni in na tashi daga kujerar nan, wuyana a sanƙare yake, haƙorana a cije, ina zagin taya, ina zagin intanet, ina zagin wanda ya ƙirƙiro wasan. Shi kuwa yana tashi yana fito. Mutumin da aka ƙwace wa mota, wanda ke tafiya da ƙafa cikin rana da jakar magani a aljihu, ya fi ni jin daɗin abin da na haɗa da hannuna. Ƙyashi na ji, ba wani abu ba, kuma ban taɓa tsammanin zan ji shi a kan Athol Treloar ba.

Wata Lahadi na tafi jana'izar wani tsohon abokin aiki a garin da ke gaba, aka ja lokaci. Ina dawowa tun daga bakin ƙofa na jiyo muryarsa. Yana kan kujerata, abin ji na a kunnensa.

"A'a, 'yar nan, kada ki ba shi haƙuri. Shi ya kamata ya ba ki," yake cewa.

Na tsaya. Ban san wa ake magana a kai ba. Ya hango ni, ya cire abin ya miƙo mini, ko a jikinsa.

"Baba!" Raelene ta ce. "Ashe ɓoye mini Kawu Athol ka yi? Mun yi ta zagaye bai taɓa bango ba ko sau ɗaya."

"Yaya zai taɓa bango? Ai bangon ne zai gaji da jira ya zo ya same shi."

Ta yi dariya, amma ba ta bar maganar ba. "Dogon tsere ba gudu kaɗai ba ne, Baba. Kai fa makon jiya sau nawa ka kai mu gareji?"

"Wa za ki ba haƙuri?" na tambaye ta.

"Ba komai, wata magana ce ta wurin aiki."

Ba ta faɗa mini ba, har yau.

Daga nan Lahadi ta zama ta mu uku. Na sayo abin ji na biyu da kaina don kada a ce na yi rowa, na kuma yi ta cizon yatsa. Athol bai taɓa shiga gabana ba, bai taɓa katse ni ba. Wannan ma ya fi ba ni haushi, don ban samu abin da zan riƙe ba.

Da tseren ya matso, Raelene ta yi mana bayanin tsarin. Agogon cikin wasan ya fi namu sauri, ana tashi da tsakar rana a gama cikin duhu. Ita za ta fara, ita za ta rufe. Direba na biyu shi zai ɗauki tsakiya, kuma tsakiyar ta faɗo daidai faɗuwar rana. Ta ce bari ta juya mana sararin wasan zuwa yamma mu gwada.

Rana tsaka ce a Burrangil, ƙofar rumfa a buɗe, kwanon rufi yana ƙara don zafi. A cikin allo kuwa sama ta yi ja, inuwar itatuwa ta miƙe ta ratsa kwalta. Na hau na yi zagaye biyu.

"Baba, me ya samu motar?"

"Me kika gani?"

"Kana sakin totur a miƙaƙƙiyar hanya. Ba kowa a gabanka."

"Ban saki komai ba."

"Ina kallon ƙafarka a allona, layin totur yana sauka."

Athol ya hau, shi ma haka. Da inuwa ta faɗo kan hanya sai gudun ya ragu, kansa ya fara juyawa dama da hagu yana duba gefen titi. Raelene ta fashe da dariya har tana tari.

"Wayyo cikina! Kangaru kuke nema! Tsofaffin ƙauye, wallahi kangaru kuke nema a cikin kwamfuta!"

Gaskiyarta ce. Duk wanda ya tashi a nan ya san da yamma ba a sakin mota. Rana tana sunkuyawa waɗannan dabbobin daji masu tsalle suke fitowa kiwo bakin titi, kuma babba ɗaya in ya shigo ta gilashi an gama magana. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya koya mana, ƙafa ce ta koya da kanta.

"Abin takawar ne ya saki," na ce. "Zan duba shi gobe."

Athol kuwa ya sunkuya ya dubi ƙafarsa ta dama kamar yau ya fara ganinta. "Ke ce ashe," ya ce mata. "To, za mu zauna da ke."

Ya kuwa zauna. Ya sa aka nuna masa inda ake juya lokaci, ya kafe shi a faɗuwar rana, bai sake tuƙi da hasken rana ba. Kullum da safe in na shigo sai in tarar da shi cikin jan sararin nan, yana magana ƙasa-ƙasa. "Ba kowa. Bango ne. Inuwa ce. Taka." Ƙafar ta ɗaga, ya yi murmushi, ya sake zagayowa. Makonni yana wannan. Wata rana na ji ya buga sitiyari ya yi ihu, na ɗauka zuciyar ce, na taso da gudu.

"Clarrie, na wuce Gadar Makaho ban duba gefe ba! Ka san yadda hanyar nan take da kyau da yamma? Duk rayuwata ban taɓa kallon faɗuwar rana ina tuƙi ba, kullum ciyawa nake kallo."

Bakinsa har kunne. Na ce masa ya yi kyau, na koma wurin aikina na lalata katako biyu.

Ni ma na gwada, ranar da ba kowa. Ƙafata ta ƙi. Ina sane babu komai, ina faɗa wa kaina babu komai, inuwa tana faɗowa sai ta ɗaga. A zagaye na uku na kashe na'urar. Na ce wa raina ai ni ke da gaskiya, wannan ɗabi'ar ce ta dawo da ni gida lafiya shekara da shekaru da shanun mutane a bayana, ba zan kashe ta saboda wasa ba. Na mayar da lokacin tsakar rana, inda nake da gudu, na ci gaba da kafa lambobin da ba wanda ya tambaye ni.

Raelene ba ta iya kwana-kwana ba, a wurin uwarta ta gado. Lahadin da ta rage saura mako biyu ta ce, "Baba, Kawu, ba na so a yi jin haushi. Kowa zai yi zagaye daidai da na ɗan'uwansa, da yamma, da cikakken tanki. Wanda ya fi kawo motar lafiya shi zai zauna."

"Ashe kujerar ma ta shiga kasuwa?" na ce.

"Baba, akwai mutane a ƙungiyar nan da ke jiran su ga na faɗi. Ina so in gama tseren nan."

Ni na fara. Zagayen farko na yi su da zafi, na ji 'yan rumfa sun taru a bayana. Na cije, na danne ƙafata da ƙarfin tsiya, ta bi. Sai a can saman Dutsen, inda hanya ke matsewa tsakanin bango biyu, inuwar wani itace ta motsa a gefen hagu. Kafin in yi tunani na riga na danna birki har ƙasa. Motar ta juya, ta daki bango, ta dawo ta daki ɗayan. Allon ya nuna mini sama.

Athol ya hau. Ba zan ce ya yi gudu ba, don bai yi ba. Amma zagayensa na farko da na ƙarshe kamar an auna su da ma'auni ɗaya. Yana tafe yana gaida Hazel. Da ya tsaya ba wanda ya tafa, kowa ya sami abin yi a wani gefe.

"Baba," Raelene ta ce a kunnena.

"Na gani."

"Baɗi ma akwai wani."

"Na ce na gani."

Washegari ya same ni ina gyaran injin yankan katako. Ya daɗe a tsaye yana juya hularsa.

"Clarrie, na yi tunani. Zan ce mata ƙirjina yana damuna. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya."

Ban san lokacin da na jefar da sufana ba. "Sadaka za ka ba ni? Da 'yata? 'Yar da na haifa ce za ka ɗauko ka miƙo mini kamar ragowar burodi?"

"Ba haka nake nufi ba, mutumina."

"To ka zauna a kujerar ka tuƙa. In kuma ka fasa mata mota, ni da kai ne."

Ya sa hularsa ya koma kusurwa. Jim kaɗan na ji injin ya tashi, da muryarsa yana lallashin ƙafarsa.

Ranar tseren rumfa ta cika. An kunna murhu a waje ana gasa nama ana sawa a burodi da albasa, an haɗa muryar Raelene da lasifika don kowa ya ji. Ni aka bar wa shayi. Ta yi rabonta ta shigo da motar, Athol ya goge tafin hannunsa a wando ya kama sitiyari, sama ta fara ja.

Na tsaya a bayansa da buta a hannu. Motoci sun kewaye shi, yara masu jini a jika daga ko'ina, suna ƙyalla masa fitila. Wanda ya matsa ya ba shi hanya, har yatsa yake ɗaga musu. Duk kwanar da ya shiga, rabin zuciyata tana cewa Allah ya fitar da shi saboda Raelene, ɗaya rabin tana jiran ƙarar bango. Haka na tsaya ina yi wa abokina na firamare fatan faɗuwa, shayi yana hucewa a hannuna. Waɗanda suka wuce shi da gudu ya riƙa tarar da su ɗaya bayan ɗaya a gefen hanya, tayoyi a sama. Ya miƙa mata motar ko ƙwarzane babu.

A tsakiya suka gama, ba kusa da na ɗaya ba. Amma ka ce kofin duniya suka ci. Athol yana kan kujerar, yana dariya yana cewa a ba shi ruwa. Raelene tana ihu ta lasifika.

"Kawu Athol! Mun gama! Mun gama! Ku saurara, na yanke shawara. Zan ɗauki hutu in zo Kirsimeti. Sai na ga wannan tuƙin da idona, in zauna kusa da kai ka nuna mini Hazel."

Rumfar ta kaure da tafi. Kirsimeti nawa ina roƙon yarinyar nan ta zo gida. Kullum da dalili: aiki ya hana, jirgi ya cika, baɗi in Allah ya kai mu. Na roƙa da wasa, na roƙa da faɗa, har na haƙura na daina.

"Baba yana nan?" ta ce. "Baba, ɗakina yana nan, ko ka cika shi da tarkace?"

Kowa ya juyo yana kallona.

"Yana nan," na ce.

Sati guda na yi ina kwashe tsofaffin tayoyi da akwatunan kayan aiki daga ɗakin. Na wanke labule, na sayo sabuwar katifa. Athol ya zo zai taya ni fenti, na ce masa na gode, na iya. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murna kamar shi ne uban, yana tambaya ko har yanzu tana son kek mai kwakwa, don yana so ya gwada yin irin na Beryl.

"Tana so," na ce masa.

Ya tafi yana fito. Na tsoma buroshi a gwangwani na ci gaba da shafa bango. 'Yata za ta zo gida, ina murna, kuma duk wanda ya tare ni a titi ya ce, "Clarrie, an ce Raelene za ta zo ganin Athol," sai in ce masa e, haka ne.